Na Ƙarshe a Tsere, Ya Yi Hasara Ne?

In damina ta ja jiki, ruwa ya ɗauke a ƙasar Zazzau, sai duniya ta sake kama. Kubanni da Galma su kan ja da baya, su bar yashi a bakin gaɓa. An riga an kai gero rumbu, ana kan tonon gyaɗa, dawa ta yi kai ta sunkuya, auduga ta soma fashewa fari fat. Da asuba sanyi ya kan ratsa riga, da hantsi kuwa hazo ya fara lulluɓe rimayen birni, har wanda ya tsaya a kan ganuwa ya dubi yamma ba ya ganin Dutsen Kufena sai kamar inuwa. A shekara duka babu lokacin da ya fi kaka daɗin tafiya a ƙasa, gama babu taɓo, babu zafin bazara, ciki kuma a cike ya ke.

To, a ƙaddara cewa a irin wannan lokaci samarin waɗansu unguwannin birni da na ƙauyukan gindin Kufena sun shirya tseren ƙasa. Ba wani babban taro ba ne. Masu gudun ba su wuce mutum hamsin ba, babu makaɗa, babu manyan baƙi, abin da za a ba wanda ya ci kuma bai fi bargo da fitila ba. An yanke za a tashi daga Ƙofar Doka bayan sallar asuba, a nufi wajen Wusasa, a yi ta kewaya dutsen ta turbar gonaki, a hau tudu a gangara kwari, har a cika mil 26, kana a komo inda aka tashi. Wani saurayi mai jini a jika ya iso da hantsi, aka yi masa tafi, aka ba shi bargonsa. Na ƙarshe kuwa wani magini ne ɗan shekara arba'in da biyar. Bai iso ba sai da rana ta take tsaka, jama'a sun riga sun watse, sauran mutum ɗaya mai riƙe da takardar sunaye, da yara kaɗan suna yi masa dariya, suna cewa, "Sannu Baba, ai tun ɗazu aka gama!"

Abin tambaya ke nan: maginin nan ya yi hasara ne? Ya ɓata yininsa, ya jawo wa kansa ciwon ƙafa da dariyar yara a banza, ko kuwa akwai wani abu da ya koma gida da shi wanda ba a sa shi cikin kyautar ba? Tambayar ta fi ƙarfin wasa, domin a zaman duniya masu zuwa na farko kaɗan ne, sauran talikai duk a baya su ke.

Kafin a amsa, ya kamata a san asalin irin wannan tsere. Turawa suna kiransa Maraton, sunan wani fili ne a ƙasar Girka, inda mutanen birnin Atina suka gwabza da rundunar Farisa shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa. Labari ya zo cewa da mutanen Atina suka yi nasara, sai suka tashi wani manzo ya kai albishir birni, tafiyar wajen mil 25. Ya yi ta gudu bai tsaya ba, ya isar da saƙonsa, ya faɗi nan take ya cika. Don tunawa da wannan labari aka sa tseren cikin wasannin Olimfik da aka farfaɗo da su a Atina cikin 1896, wani Bagirke mai suna Spyridon Louis ya ci. Tsawon da aka tsaya a kai daga baya, watau mil 26 da yadi 385, ko kilomita 42 da mita 195, shi ne wanda aka auna a Landan cikin 1908. Don mai karatu ya gane nisan, ganuwar birnin Zazzau kewayenta wajen mil goma ne. Mai gudun Maraton ya kewaye ta ke nan sau biyu da rabi, har da ɗan ƙari.

Dattawan birni suna da magana a kan wannan, ba kuwa maganar da za a yar ba ce. Su kan ce, mutum mai mutunci ba ya gudu sai da dalili, ko ana korarsa ko yana korar wani abu. Magidanci da iyali ya tuɓe riga ya bi turba a guje, ba gobara, ba ɓarawo, ai wannan zubar da girma ne. Su kan ƙara da cewa kaka lokacin aiki ne, ƙarfin da za a zubar a gindin dutse gara a kai shi gona a yanki dawa. A nan wajen akwai gaskiyarsu. Wanda ya bar amfaninsa a tsaye har shanu suka shiga, don yana can yana tsere, ya yi wauta, ko da shi ya zo na farko. Wasa ba ya shiga gaban wajibi.

Amma batun cewa gudu baƙon abu ne ga mutanen kirki a ƙasar Hausa, wannan sai a sake dubawa. Kowa ya ga hawan salla a ƙofar fadar Zazzau ya ga zagage a gaban dokin sarki. A zamanin da, sa'ad da sarki ko hakimi zai fita rangadi, zagi a ƙasa ya ke tafiya, in doki ya yi sauri shi ma ya yi, daga wannan zango zuwa wancan, ba wanda ya taɓa kiransa marar mutunci. Fatake sun taka daga ƙasar Hausa har Gwanja neman goro, wata da watanni. Alhazan farko da yawa da ƙafa suka ratsa Barno da Wadai da Darfur, waɗansu sai bayan shekaru suka ga gida. Bariki na horon kuratan soja kuma yana Zariya tun 1924, mutanen gari sun saba ganin samari suna gudu a jere da sassafe. Ashe juriyar ƙafa gado ce a nan. Abin da ya ke sabo kurum shi ne a yi ta ba don kai saƙo ko neman riba ba, sai don mutum ya gwada kansa.

To, me mutum ya ke ganowa in ya gwada kansa a irin wannan turba? Abu na fari shi ne haƙuri, mai koyar da shi kuwa tudu ne. A fili sarari kowa gwani ne. Da an tashi, yaro mai zafin kai sai ya fyalle, yana waiwayen na baya yana murmushi. Amma da ya kai hawa na biyu ko na uku, inda turba ta bi ta kan fako da tsakuwa, sai numfashi ya gagare shi, cinya ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutsen niƙa. A nan ne wanda ya taho a hankali zai zo ya wuce shi. Masu iya magana sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Masu wannan gudu a ko'ina sun shaida cewa wuyar ba a mil goma na farko ta ke ba, wajen mil na ashirin ta ke zuwa, lokacin da abincin da jiki ya tanada ya kusa ƙarewa. Daga nan mil shida da suka rage, da zuciya a ke yinsu. Gangara ma ba hutu ba ce kamar yadda a ke zato, gama ita ce mai cin gwiwa, wanda ya sake jiki a cikinta kuma shi ke tuntuɓe. Haka al'amarin duniya ya ke: waɗansu wahala ba ta ka da su ba, sauƙi ne ya ka da su.

Misalin wanda ya san wannan shi ne Abebe Bikila, mutumin Habasha, ɗan makiyayi, soja cikin dogaran Sarki Haile Selassie. Ya tashi a ƙasar tuddai, ya saba da hawa tun yana yaro. A watan Satumba 1960 ya shiga tseren Olimfik a birnin Rum ba takalmi, ya bi sahun na gaba a natse, sai kusa da ƙarshe ya saki ƙafa, ya ci cikin awa 2 da minti 15 da 'yan daƙiƙu. Cikin 1964 ya sake ci a Tokiyo, alhali bai fi mako shida da yi masa aiki a ciki ba.

Abu na biyu shi ne gaskiya, a nan kuwa ƙaramin tseren ƙauye ya fi na babban birni zama ma'auni. A babban birni jama'a sun yi dafifi hagu da dama, ko ina da alƙalai. A bayan Kufena fa? Mai gudu ya kan sami kansa shi kaɗai, na gabansa ya ɓace, na bayansa bai ɓullo ba, babu mai ganinsa sai tantabaru da shanun Filani. Ga shi an ce a bi ta bayan wancan tsauni, ga kuma wata 'yar turba ta ratse ta cikin karan dawa, wadda za ta rage masa mil guda cur. Ƙafa tana ciwo, zuciya tana raɗa masa cewa ba wanda zai sani. Abin da ya yi a wannan wuri shi ne ainihin halinsa. Ma'aunin da a ke gwada ma'aji da shi ke nan in an bar shi da akwatin kuɗi, da mai awo in mai saye ya juya baya, da magini in mai gida ya tafi kasuwa ya bar shi da harsashi.

An taɓa yin irin wannan a idon duniya. Cikin 1904, a wasannin Olimfik na birnin Sen Luwis a Amurka, wani mai suna Fred Lorz ya gaji bayan mil tara, ya shiga mota ta ɗauke shi wajen mil goma sha ɗaya, sa'an nan ya sauka ya ƙarasa da ƙafa, ya shiga fili kowa na tsammanin shi ne na farko. Ba a jima ba asirinsa ya tonu, aka ba Thomas Hicks nasarar, shi kuwa aka hana shi shiga tsere. Daga baya ya ba da haƙuri, aka yafe masa, cikin 1905 ya ci tseren Bostan da ƙafarsa. Duk da haka, in an ambaci sunansa, motar a ke fara tunawa. Na ƙarshe da ya bi hanya duka ya fi na farko da ya ratse, domin shi ya yi tseren, wancan kuwa wani abu dabam ya yi.

Akwai kuma wani labari da ya nuna cewa nasara dabam, daraja dabam. A tseren Landan na 1908, wanda aka tashi daga fadar Windsor, wani ɗan ƙasar Italiya mai suna Dorando Pietri shi ya fara shiga fili. Amma ya galabaita ƙwarai, har ya juya ta inda ba nan ne hanya ba, ya faɗi ya tashi, ya sake faɗuwa, alƙalan wasa suka riƙa ta da shi har ya ƙetare layi. Mutanen Amurka suka kai ƙara, aka duba doka, aka karɓe nasarar aka ba Johnny Hayes wanda ya zo bayansa. Hukuncin daidai ne, gama tseren na ƙafar mutum ɗaya ne. Amma Sarauniya Alexandra ta ba Pietri kofi na musamman daga hannunta. Ba ta rushe hukunci ba, ta dai nuna cewa akwai abin yabo wanda alƙali ba shi da wurin rubuta shi a takardarsa.

Labarin da ya fi kusa da na maginin nan shi ne na John Stephen Akhwari, mutumin Tanzaniya. A watan Oktoba 1968 aka yi tseren Olimfik a birnin Meksiko, gari ne a kan tudu fiye da ƙafa 7,000, inda iska ba ta isar baƙo. Mutum 75 suka tashi. Kafin a kai rabin hanya Akhwari ya faɗi, ya ji mummunan rauni a gwiwa da kafaɗa. Aka ɗaure masa ƙafar, ya miƙe ya ci gaba yana ɗingishi. Mamo Wolde na Habasha ya ci cikin awa 2 da minti 20. Bayan fiye da awa guda, duhu ya yi, yawancin 'yan kallo sun tafi, sai ga Akhwari ya shigo, shi ne na 57, na ƙarshe cikin waɗanda suka gama. Da aka tambaye shi abin da ya hana shi dainawa, amsar da ya bayar ma'anarta ita ce, ƙasarsa ta aiko shi daga nesa ne don ya gama tseren, ba don ya fara kurum ba.

A nan ga amsar tambayar ta fito. Wanda ya tsaya a layi da asuba alkawari ya ɗauka. Bai yi alkawarin zai riga kowa ba, gama wannan ba a hannunsa ya ke ba. Sauri rabo ne, kamar tsawo da murya: wani an ba shi, wani ba a ba shi ba, wanda aka ba ma shekaru su kan karɓe. Abin da ya yi alkawari shi ne zai bi hanyar nan duka, ba ratse, ba ha'inci, iyakar ƙarfinsa. Wannan kuwa yana hannun kowa. Don haka a tsere ɗaya mutum guda ne ke cin bargo, amma mutum hamsin duk suna iya cika alkawari. Da a ce darajar tsere a cin kyauta kaɗai ta ke, da mutum arba'in da tara sun yi aikin banza, da kuma saurayin da ya ci ba shi da abin alfahari, tun da wawaye ya tsere wa.

Sai dai a yi hattara, kada a ɗauki maganar nan a wuce da ita gona da iri. Ba ko wane tsayawa ne abin kunya ba. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure, ko jiri ya ɗebe shi, ko gumi ya ɗauke masa alhali rana na dukansa, wajibinsa ne ya tsaya ya nemi inuwa da ruwa da taimako. Manzon Atina yana da hujjar sayar da ransa, domin birni guda na jiran labarinsa. Magidancin da ya bar 'ya'ya a gida ba shi da wannan hujja a kan bargo da fitila, ko a kan tsoron dariyar yara. Nacin da girman kai ya haifa ba haƙuri ba ne, ko da ya yi kama da shi. Bambancin yana cikin zuciya: akwai mai tsayawa don jiki ya gaza da gaske, akwai kuma mai tsayawa don ya ga ba shi ne zai ci ba. Na farko bai karya alkawari ba, tun da iyakar ƙarfinsa ya ɗauka zai yi, ya kuwa yi. Na biyu shi ne ya yi hasara, domin ya nuna tun asali ba tseren ya ke so ba, tafi ya ke so. Haka nan wanda ya shiga ba shiri, bai yi watanni yana horar da ƙafarsa ba, laifinsa tun kafin a tashi ya ke. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba a ce neman na farko aibi ne ba. A Nijeriya ma an yi tseren hawan dutse mai babbar kyauta: wanda aka fara a Obudu ta Jihar Kuros Riba cikin 2005, wajen kilomita 11 ana hawa, cikin watan Nuwamba, har a kan ba na farko dala 50,000, gwanaye daga Habasha da Kenya da sauran ƙasashe suka riƙa zuwa. Wanda gudu ne sana'arsa, ya nemi na farko da ƙarfinsa duka, halalinsa ne, kamar yadda ɗan kasuwa ke neman riba. Amma inda kuɗi ya yi yawa, idon jama'a a kan mutum ɗaya ya ke tsayawa. Ƙaramin tsere a turbar ƙauye ya fi nuna abin da ke cikin gudun kansa. A can tsohuwa ta kan fito bakin shinge da ƙwaryar ruwa, ba ta tambayi ko wane ne na nawa ba. Manomi ya kan ɗaga kai daga tonon gyaɗa ya ce, "Sannu da ƙoƙari!" Na baya kuma, da ya ke ba ya gaggawa, shi ke ganin abin da na gaba bai gani ba: yadda hazo ke yayewa daga kan dutse, da kufan tsohuwar ganuwar da mutanen da suka gina a gindin Kufena, da birni can a shimfiɗe cikin rimayensa.

In an fita daga fagen wasa, sai a ga mutane da yawa a matsayin maginin nan su ke. Ga wanda tsaransa suka sauke Alkur'ani suna samari, shi kuwa sai da furfura ta fito. Ga wanda bai san baƙi da wasali ba sai da ya aurar da 'ya. Ga mai biyan bashin da ya gada daga mahaifinsa, kaka bayan kaka, buhu ɗaya ɗaya. Ga mai ginin da ya shekara goma yana ɗora tubali kafin ya yi rufi. Ko wannensu akwai masu ce masa, "Ai tun ɗazu aka gama." Haɗarin da ke kansu ba jinkirin ba ne, gama sannu ba ta hana zuwa. Haɗarin shi ne su gaskata yaran, su zauna a gefen hanya saura mil biyu, ko su nemi turbar ratse don su rufe kunya.

Maginin ya san wannan tun daga sana'arsa. Ɗaki ko an ta da bangonsa cikin kwana uku, in ba a yi masa rufi ba kango ne, damina ɗaya za ta mai da shi ƙasa. Wanda aka yi wata shida ana ginawa, in an rufe shi an yi masa yaɓe, jikoki za su kwana a ciki, ba kuwa mai tambayar kwana nawa aka yi. Saboda haka da ya iso Ƙofar Doka da rana tsaka, bai tanka wa yaran ba. Ya je wurin mai takarda ya ce, "Malam, a duba sunana, na bi ta ko ina da aka ce a bi." Mai takarda ya sa masa alama, ya ce, "Sannu, Baba. Da ma kai na ke jira." Ya nemi gindin bango ya zauna, ya sha ruwa, ya cire ƙaya daga ƙafarsa, sa'an nan ya tashi a hankali ya shiga birni don ya sami azahar.